Daga Kwari zuwa Gwanzu: ranar da gabas ta koma min yamma

Ranar da Alhaji ya miƙo min takardar tikitin nan a shago wallahi ban ma san ta ina ake fara karanta ta ba. Shekarata goma sha ɗaya ina yaron shago a Kantin Kwari, yadi da shadda da leshi ko ido a rufe na shafa zan gaya maka kuɗinsu, amma iyakar nisan da na taɓa yi a duniya Legas ce, ita ɗin ma a doguwar bas ta dare. Watan Oktoba ne na 2019, kafin zuwan korona. Alhaji ƙafa ta matsa masa, likita ya hana shi dogon zama, sai yace toh bana kai za ka je Chaina ka duba mana kaya, ka bi Baffa. Baffan nan ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, maƙocin shagonmu ne, dattijo, ya je Chaina ya fi a ƙirga, fasfo ɗinsa har ya yi kumburi saboda hatimi.

Na zauna bayan kanta ina lissafi da yatsu. Tashi daga Kano Talata ƙarfe 1:30 na rana, sauka a Guangzhou, wanda mu a Kwari Gwanzu kawai muke cewa, Laraba ƙarfe 3:45 na yamma. Awa ashirin da shida har da 'yan kai! Na tsallaka wajen Baffa nace Baffa yanzu mutum sai ya kwana ya wuni a sama? Ya yi dariya har da tari yace kai yaro, awa bakwai a cikin lissafin nan ba tafiya ba ce, ajiya ce za ka ba su, ranar da za ka dawo su biya ka. Ni dai nace toh, amma ban gane komai ba.

Da daddare na shiga cikin gari yi wa Inna sallama, kakata ce ta wajen uba, a Yakasai take. Tana ganina tace a'a mai gidan ne da kansa, yau kuma me ka zo min da shi, ko hannu na dukan cinya kamar kullum? Nace tafiya zan yi Inna, Gwanzu. Tace gwanjo? Garin ne ma sunansa gwanjo? Toh Allah ya sa kar a yi gwanjonka. Sai da nace mata Birnin Sin sannan ta yi shiru ta ajiye carbi, don a wajenta Birnin Sin ba gari ba ne da ake zuwa, wuri ne da ake ambata in ana so a ce abu ya kai ƙarshen nisa.

Nan ta ɗauko min labarin mahaifinta, wanda na ji ya fi sau ashirin amma ranar ne na saurara da kunne biyu. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero ya tafi Makka a ƙasa, shi da jaki da 'yan rakiya, suka bi ta Barno suka shiga Chadi suka faɗa Sudan, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙwadago, tace har tsinkar auduga ya yi a can gonakin Sudan, ya zauna cikin Hausawanmu da suka yi gari a Mai Wurno, sannan ya isa bakin teku ya hau jirgin ruwa ya tsallaka Jidda. Shekara bakwai tafiya da dawowa. Kafin ya fita sai da ya biya bashin da ake binsa ya raba abin da zai raba, don a lokacin wanda ya yi gabas ba a sa ran dawowarsa sai dai in an gan shi. Tace kai kuma kwana nawa za ka yi a hanya? Nace kwana ɗaya. Tace kai dai ka cika ƙarya tun kana yaro.

Talata tun goma na safe muna filin jirgin Malam Aminu Kano. Ni da na tashi ina jin ƙarar jirage suna wucewa ta saman unguwarmu ban taɓa shiga ciki ba sai rakiyar alhazai, nan ma daga waje. Baffa ne yake ban labari muna kan layi wai tun 1925 jirgin sama ya sauka a nan Kano, jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar. Aka auna akwati, aka duba katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, aka buga fasfo. Kilishin da Umma ta ƙunso min Baffa yace in cinye shi kafin mu isa, Chaina ba a shiga musu da nama, don haka tun daga ɗakin jira na fara rabo. Muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru sannan aka kira mu.

Tashin kansa ba zan ɓoye ba, duk addu'ar da na sani sai da na karanta har da wadda ba ta wurin ba. Da ya ɗaga na leƙa ta taga naga Dala da Gwauron Dutse sun koma kamar 'yan tsibin ƙasa, gonaki sun yi ruwan ɗorawa don kaka ta kama, can kuma sai gajimare ya rufe komai.

Abin da ya ɗauke min hankali 'yar talabijin ɗin da ke bayan kujerar gabana. Mutane na kallon fim, ni kuwa na tsaya a kan taswira, wani ɗan jirgi ƙarami yana rarrafe a kai kamar kiyashi. Tana rubuta saura kilomita kaza, gudu kusan kilomita 900 a awa, tsayi ƙafa 37,000, sanyin waje ya wuce digiri 50 ƙasa da sifili. Kano zuwa Addis Ababa kilomita 3,300 da ɗoriya, kusan daidai da Kano zuwa Jidda kenan. Ban gama cin abincin da aka kawo ba naga an rubuta Injamena a ƙasanmu. Jikina ya yi sanyi. Wato nan ne mahaifin Inna ya yi wata da watanni kafin ya iso, ni kuwa ko ruwan lemon da aka ba ni ban shanye ba. Bayan Chadi sai sunayen Sudan suka fara fitowa a gefen hagu, na leƙa ƙasa babu abin da ake gani sai ja da toka-toka, ba gari ba hanya, nace yanzu a cikin wannan mutum ya taka da ƙafarsa da jaki. Baffa kuwa tuni ya ja hula ya rufe fuska yana minshari.

Wani abu kuma, rana ta yi saurin faɗuwa. Agogon hannuna na cewa biyar saura, a Kano ko haramar magariba ba a fara ba, amma ta taga duhu ya fara shigowa. Da muka sauka agogona 6:15, na bangon filin jirgin Bole na Addis Ababa 8:15. Baffa ya nuna min yace ka ga biyu sun tafi, saura biyar.

Addis sanyi ne da ita, ba irin na hunturunmu mai ƙura ba, wani sanyi ne mai tsabta da ke shiga ƙashi, garin a kan tudu yake sama da mita 2,300, in ka yi sauri a matakala sai ka ji numfashi na neman gagararka. Ni kuwa da 'yar shaddata mara nauyi. Filin jirgin cike da mutane kamar Kwari ana jibi sallah, 'yan Kongo, 'yan Mali, Inyamurai 'yan kasuwa da manyan jakunkuna, 'yan Chaina masu komawa gida daga aikin hanya da gini, kowa na jiran jirgin tsakar dare. Nan naji Hausa iri-iri, ta Nijar, ta Kamaru, har ta Gana. Su Habashawa ma nasu lissafin daban ne, wani ɗan Nijar da ya saba bi yake gaya min wai a cikin gari ƙarfe bakwai na safe ita suke kira ƙarfe ɗaya, watanninsu kuma goma sha uku ne, shekararsu tana bayan ta Turawa da bakwai ko takwas. Nace ikon Allah, kowa da agogonsa. Sai kuma na tuna ai ƙasar Najjashi ce wannan, inda sahabbai suka fara yin hijira, naji ta ɗan kwanta min.

Muka nemi ɗakin sallah don mu haɗa magariba da isha. Na shiga na tsaya ina neman gabas da hankalina, sai naga sahu ya kalli wani ɓangare daban. Na buɗe kamfas ɗin waya, arewa sak. Na matsa kusa da Baffa nace Baffa anya mutanen nan ba su karkace ba? Yace kai ne dai ka karkace, Makka tana saman kanmu yanzu a taswira, ka riga ka zo daidai da ita, bi sahu kawai. Na bi, amma har na sallame raina na min wani iri. Mu da tun muna yara in an ce kalli gabas an gama magana, sallah kenan, yanka ma gabas, kabari ma gabas, ban taɓa kawo wa raina cewa gabas ɗin don muna yamma da Makka ne ba.

Ƙarfe 12:30 na dare agogon Habasha muka sake tashi, kuma wannan ita ce tafiyar, ta farko ashe share fage ce. Kilomita 8,000 a zama ɗaya, awa goma da 'yan mintoci. Jirgin ya fi na farko girma nesa ba kusa ba, kujeru tara a jere, ni na samu taga, kusa da ni wani ɗan Chaina da ya cire takalmi tun kafin a tashi ya sa silifas ya hura wani matashi ya saƙala a wuya, kana gani ka san ɗan hanya ne. Aka kawo abinci, na tambaya aka ce halal ne, shinkafa da kaza, na ci. Aka kashe fitilu aka ce a sauke marfin taga.

Barci ya ƙi zuwa. Na koma kan taswirata. Ƙasa ta ƙare muka hau kan teku, shuɗi kawai ko ta ina, ɗan jirgin nan kamar an kafe shi da ƙusa, in duba in ga saura awa tara, in rufe ido in yi ta juyi in tabbata na ci awa guda, in buɗe in ga minti goma sha biyu ne suka wuce. A motar Legas aƙalla akwai Zariya akwai Kaduna, a tsaya a sha shayi a miƙe ƙafa, direba ya yi faɗa da kwandasta, kana ganin tafiya tana ci. Nan kuwa babu alamar kana motsi sai ƙugi ɗaya mara canzawa, da gargada jefi-jefi da ke sa a kunna alamar ɗaura bel, wata mata a baya ta dinga salati da ƙarfi duk lokacin da ya girgiza, ni ma a zuci ina taya ta.

Wajen awa uku da rabi da tashi na ɗan ɗaga marfin tagar don in ga ko akwai taurari. Sai naga wani jan layi a can gaba. Alfijir! Na duba agogon hannuna da ban taɓa shi ba tun Kano, ƙarfe biyun dare. Biyun dare fa, lokacin da ko masu tahajjud ba su tashi ba, mai shayin bakin layinmu ma bai daɗe da kwashe kaya ba. Na taɓo Baffa ta tsakanin kujeru nace asuba ta yi. Bai ko yi mamaki ba yace yi maza, nan ba ta jira, muna gudu wajen rana ne ita ma tana tahowa. Kuma haka ne, kafin in bi layin banɗaki in yi alwala a wannan ɗan wurin da ko juyawa ba ka iya yi in dawo, gari ya fara haske. A zaune na yi ta da ishara, daga baya na tambayi malaminmu ya min bayanin hukuncin, wannan kuma zance ne na daban. Abin da na sani shi ne daren ranar gaba ɗayansa bai fi awa tara da wani abu ba, an yanke masa jela.

Daga nan sai Indiya, muka shiga ta wajen Mumbai muka yi ta ratsa ta kamar ba za ta ƙare ba, sai Bangaladash, sai ƙasar Bama, wato Myanmar. Ƙafafuna suka kumbura takalmi ya matse, sai a lokacin na gane hikimar mai silifas. Baffa yace in tashi in dinga zagayawa ina shan ruwa, zaman wuri ɗaya na sa jini ya daskare a ƙafa, abin da likita ya guje wa Alhaji kenan. Na je can baya na tsaya wajen da ake haɗa abinci na tarar da wasu 'yan Kano biyu 'yan kasuwar waya ta Farm Centre suna gardamar canjin dala, muka ƙarasa kilishin tare.

Ƙarfe 3:45 na yamma muka sauka a filin jirgin Baiyun. Agogona 8:45 na safe, wato a Kwari yanzu ake ɗaga ƙofofin shago ana shara. Awa goma sha tara da kwata tun tashinmu daga Kano, sha biyar a sama sauran a Addis. Ga bakwai ɗin Baffa sun cika cif.

Zafin garin mai danshi ne kamar Legas, riga na manne maka. Muka ɗauki tasi zuwa Xiaobei, unguwar da baƙaƙen fata suka fi sauka, otal ya yi tsada don lokacin babban baje kolin Canton ne da suke yi sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba. Muna shiga ɗaki nace bari in sauke azahar da la'asar kafin rana ta faɗi. Na shimfiɗa darduma na juya wa rana baya yadda na saba, don a gida in la'asar ta yi rana a ƙeyarka take. Baffa na zaune bakin gado yana cire safa yana kallona, sai da na ɗaga hannu zan yi kabbara yace kai, ina za ka? In ka kalli can sai dai ka gaida Amurka. Ya tashi ya juya dardumar gaba ɗaya. Yamma. Rana na dukan fuskata ta labule. Wallahi na fi minti guda a tsaye na kasa tayarwa, ji nake kamar zan yi wani babban laifi. Mun wuce Makka mun bar ta a baya da nisan da ya ninka na Kano zuwa can sau biyu. Duk lambobin da na yi ta kallo a talabijin ɗin jirgi ba su shiga jikina ba sai a kan dardumar nan.

Kwana ukun farko jikina bai yarda ya zo Chaina ba. Sha biyun darensu ido na tar, don a wajensa biyar ɗin yamma ce, da safe kuma muna tsakiyar kasuwar yadi ta Zhongda, wadda in ka sa Kwari a cikinta sai ka neme ta, ina tsaye ana buga min farashi a kalkuleta ina gyangyaɗi. Ranar farko ma na tafka ta. WhatsApp ba ya yi a can, da WeChat ake harka, an sa wa Alhaji shi a waya kafin mu taho. Na samu wani leshi mai kyau mai shi yace in zan ɗauka da yawa zai rage, zumuɗi ya ɗebe ni na danna kira, ƙarfe goma na safe. Ya daɗe yana ƙara sannan naji muryar Alhaji can ƙasa, innalillahi, lafiya? Me ya faru? Nace ranka ya daɗe lafiya lau, wani leshi ne... Ya yi shiru, sannan yace kai yanzu don Allah ƙarfe nawa ne a wajenka? Uku na dare na tashe shi, Hajiya har ta fara kuka ta ɗauka wani abu ne ya same mu. Baffa ya yi ta min tsiya har muka dawo.

Daga ranar na koyi zama da agogo biyu. Kuma nan ne wahalar cinikin take, lokacin da Alhaji zai fito kasuwa ya nutsu ya duba hoton kaya, tara ko goma na safe, su nan huɗu ko biyar ta yi suna shirin rufewa. Sai dai in yini ina ɗaukar hoto da farashi in tura, shi ya duba da rana ina barci, in tashi in tarar da amsa. Kowace tambaya kwana guda take ci. Umma kuwa bayan na yi asuba nake kiranta, lokacin ita ta yi isha tana shirin kwanciya, ina ce mata ina kwana tana ce min sai da safe.

Wani dare muna cin taliyar hannu a shagon Musulmin Chaina, irin masu farar hula da koren allo a ƙofa, na tambayi Baffa me ya sa wasu ke biyowa ta Masar, ai a taswira Alƙahira can sama take, zagaye ne. Ya ɗauki lemo a kan tebur ya zare zare daga bakin rawaninsa, ya dafa nan yace Kano, ya dafa can yace Gwanzu, ya ja zaren ya miƙe, sai gashi ya bi ta sama ba ta tsakiyar lemon ba. Yace duniya ba faranti ba ce, taswirar takarda ruɗin ido ce. Na zo na duba a waya kuma hakan ne. Miƙe sak daga Kano zuwa Gwanzu kusan kilomita 11,000 ne, ya ɗara kashi ɗaya cikin huɗu na zagayen duniya da yake 40,000 da kaɗan. Ta Addis ƙarin bai fi 400 ba. Ta Alƙahira kuwa, 3,100 ne a haɗa da 8,000, ta ma fi kusa da zaren. Baffa ko firamare bai gama ba.

Juma'a muka je masallacin da ake dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, har da kabari a ciki da mutanen wurin ke cewa nasa ne, duk da malamanmu sun ce a kusa da Madina ya rasu aka binne shi a Baƙi'a. Jama'a har cikin lambu, Larabawa, 'yan Pakistan, 'yan Chaina, mu, dubban mutane duk mun kalli yamma, kuma a ranar ban ji komai ba, na saba. Muka sallame na duba ɗaya agogon, a Kano gari bai daɗe da wayewa ba, ko wankan Juma'a ba wanda ya fara tunani.

Kwana goma sha biyu muka yi. Aka loda kaya a kwantena, ejan ya ba mu takardu, muka kamo hanya. Mun tashi 12:30 na dare, kuma wannan karon dare ne ya ƙi ƙarewa, awa goma sha ɗaya cur muna cikin duhu rana na bin mu a baya ta kasa kamo mu sai da muka kusa Addis. Dawowar ta fi tsawo da kusan awa guda, Baffa yace iskar can sama daga yamma take busowa, in za ka gabas tura ka take, in za ka dawo kuma ƙirji take tare maka. Ƙarfe goma sha biyun rana na wannan ranar dai muna Kano, na yi azahar a masallacin layinmu na kalli gabas ɗina ta gado. A takarda awa goma sha ɗaya da rabi, a ƙashin bayana sha takwas da rabi. Baffa yace toh an biya ka ajiyarka ko da saura? Nace an biya, amma duk a zaune na cinye ta.

Kayan kuwa da muka baro su a baya ba su san wannan gaggawar ba. Jirgin ruwa ya bi da su ta wajen Singafo ya ratsa tekun Indiya ya zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu ya hauro Legas, ya fi wata a ruwa, sannan fitarwa, sannan tirela ta yi nata kilomita dubun. Sai cikin Janairu ana tsakiyar hazo aka sauke mana diloli a Kwari, har na fara manta kalar wasu.

A cikinsu na yanko wa Inna leshi yadi biyar na kai mata. Ta shafa ta ɗaga shi a haske tace ba laifi, ashe garin gwanjon na da sabo. Na zauna na ba ta labari tun daga Injamena har lemon Baffa, ba abin da ya ɗaga mata hankali, teku ma cewa tayi ai babanta ya hau. Sai da na zo kan dardumar. Ta ajiye leshin tace tsaya, yamma kuka kalla? Nace yamma Inna. Kwana nawa? Nace goma sha biyu. Kai da wannan dattijon duka? Nace har liman. Ta jawo carbinta ta ƙirga wani abu da yatsa tana motsa baki, sannan ta ɗago tace sittin kenan, tashi ga buta can, ka fara ramawa tun yanzu kafin la'asar.